Goyo a Ƙirji

A duk mayankar Garwa, daga tsofaffinmu har waɗanda suka fara riƙe wuƙa bara, babu mai hannu irin nawa. Ba cika baki nake yi ba, in na yi shiru ma shanu za su ba da shaida. Bijimin nan da aka sauke daga motar garin Maiganga, wanda ya watsa dillalai har wani Alhaji ya hau darbejiya da babbar riga, ni na kama shi a ƙaho na ce ya kwanta, ya kwanta. Waɗanda suke wurin suna cewa mu huɗu ne muka kayar da shi. Hassada ce kawai, sauran ukun igiya suka riƙe. Na sha faɗa a kasuwa cewa duk abin da ke numfashi a bayan ƙasa, hannun nan zai riƙe shi bai yi rawa ba. Dorinar Binuwai kaɗai ce ban gwada ba, ita ma don ba ta taɓa zuwa mayanka ba ne.

To, wata rana aka miƙo mini wani mai numfashi da bai kai nauyin zuciyar bijimi ba, na mai da hannuwana baya, na roƙi matar da ta miƙo shi ta yi wa Allah ta riƙe kayanta.

Ɗana ne, autanmu. Cikinsa yana wata bakwai jinin uwarsa ya hau, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ina mayanka Addata, wato yayata mace, ta bugo waya ta ce sun wuce asibiti kuma likita ya ce sai tiyata. Na ɗare moto, wato babur, da rigar aiki yadda take, jina-jina. Mai gadin asibiti yana ganina ya ruga ya turo gadon marasa lafiya, sai da na rantse masa jinin na saniya ne.

Ban gan shi ba sai washegari, shi ma ta bayan gilashi. Yana cikin abin da mu muke kira kwalba, ma'aikatan kuma suna ce masa kuves. Na daɗe ina neman yaron a ciki. Na ga tsumma, na ga wayoyi, na ga wani siririn tiyo, sai da na bi tiyon da ido sannan na tarar da hanci a ƙarshensa. Fatarsa ja ce, shara-shara kamar ɓawon albasa, ana ganin jijiyoyi a ƙarƙashinta. Kunnensa a naɗe yake kamar ganyen da bai gama buɗewa ba. Amma farce yana nan a kowane yatsa. Wannan farcen ne ya tsayar da ni.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. Tun ina yaro nake buɗe cikin dabba, na san abin da Ubangiji ya shirya a ciki: hanta a nan, huhu a nan, ƙoda biyu a maƙale ta baya, hanji a naɗe yadda in ka warware shi ba za ka iya mayarwa ba. Sai na tsaya ina lissafa wa kaina cewa duk kayan nan suna cikin ɗan abin nan da tafin hannuna zai rufe, babu wanda aka manta, kuma kowanne yana aikinsa. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka da sauri kamar na ɗan tsako. Shekara da shekaru ina cewa subhanallahi, ranar na san inda ake faɗarta.

Mai kula da ɗakin wata doguwar mata ce 'yar Kudu, kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Hausa, Fulatancinta na asibiti ne, ni kuma Faransancina na kasuwa ne, na iya rantsuwa, na iya ba jandarma haƙuri. Da haka muka lallaɓa. Abin da na fahimta shi ne yaron ba zai je gida ba sai jikinsa ya iya riƙe ɗumi da kansa, sai kuma ya iya kama nono da bakinsa. Yanzu uwarsa ce take tatsa a ɗan kofi, a ɗura masa ta tiyo. Na tambaye ta yaushe ke nan. Ta ce seɗɗa-seɗɗa, wato kaɗan-kaɗan. Na sake tambaya ko dai zai kai. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce wasu suna kaiwa, wasu ba sa kaiwa, ta ɗaga yatsa sama.

Maganar ɗumin ce ta ɗaure mini kai. Lokacin bazara ne, kuma wanda ya san Garwa ya san bazararta. Kilishi muke shanyawa da hantsi mu kwashe kafin mu gama gaisawa. Ƙadangare ma sai ya nemi izini kafin ya tsallaka kwalta. A cikin wannan garin, a cikin wannan watan, wai ɗana sanyi yake ji.

A gida kuwa abin ya zama wani iri. Haihuwa dai an yi, amma babu jariri, babu mai jego. Mata suna shigowa, su buɗe baki za su ce barka, sai kalmar ta maƙale, su juya ta zuwa ya mai jiki. Wasu su haɗa duka biyun su faɗa ƙasa-ƙasa. Inna, mahaifiyata, ta tattaro kayanta ta dawo gidan ta karɓi ragamar yara. Itacen wankan jego da na tara tun da wuri yana jibge a bayan ɗaki, ta hana kowa taɓa ko sanda ɗaya, ko da gas ya ƙare. Kullum sai ta dama kunun kanwa ta ba Adda ta kai asibiti, ta kuma yi mata kashedin kada ta bari Nasaran asibiti su sa mai jego wanka da ruwan sanyi. Babu Nasara ko ɗaya a asibitin, amma a wurin Inna duk mai farar riga Nasara ne.

Ranar suna ta zo yaro yana kwalba. Na je wurin liman na tambaya ko a ɗaga, ya ce suna ba ya jiran sallamar likita. Aka taru da safe a ƙofar gida, aka raɗa, aka yi addu'a, na yanka ragon da hannuna. Wanzami ya zo da zabirarsa ya zauna, ya ci waina, ya sha shayi, ya duba hagu ya duba dama babu kan da zai aske. Don kada ya koma haka nan sai na miƙa masa nawa. Taron mata kuwa Inna ta ce babu shi sai mai sunan ya shigo gidan da kansa. Ta soye naman ƙaurin ta rufe a tukunya ta ɗora dutse a kai.

Kayan jariran da muka saya tun kafin haihuwa duk sun zama na banza, rigar da ta fi ƙanƙanta ma zai iya kwana a cikin hannunta. Adda ta zauna saƙa masa huluna. Da yake ba ta da kan da za ta gwada, sai ta sayo lemu ta riƙa sa masa. Yara suka ɗauki lemun nan suka mai da shi ƙaninsu, suna goya shi, suna yi masa wasa, ranar da ƙaramarsu ta ɓare shi ta shanye sai da aka yi zaman makoki.

Ana nan, wata la'asar mai ɗakina ta bugo waya. Na buɗe muryar don Inna ta ji. Muryarta a shaƙe, ta ce an fitar da yaro daga kwalba, gobe za a mai da su ɗakin kanguru. Kafin in tambaya wayar ta yanke.

Inna ta ajiye carbinta. Kunnenta ya fara nauyi, amma abin da ta ji ta ji shi sarai.

"Ɗakin kangararru? Yaron da ko kuka bai iya ba, me ya yi musu?"

Na so in gyara mata, sai na tarar ni ma abin da kunnena ya ba ni ke nan. Na san gidan kangararru, inda ake kai yaran da suka gagari iyayensu. Na san kuma ana cewa bakwaini da gaggawa da taurin kai, amma ban zaci tun yana cikin tsumma hukuma za ta gane ba. Da safe na sa babbar riga da hula, na fesa turare, na tafi ba da haƙuri. Na sami Madam na jera mata da Fulatanci da hannu cewa mu mutanen kirki ne, kakanmu fatauci ya kawo shi daga Kano, a duk zuriyarmu babu kangararre sai kawuna ɗaya na Mayo Ulo, shi ma ya tuba ya je Makka. Ta tsaya tana kallona. Wata Bahaushiya da ke jinyar jikarta ta fassara mata. Ban taɓa ganin ɗaki guda yana dariya babu sauti ba sai ranar: mata a jere a kan gadaje, kowacce ta dafe ƙirji da hannu biyu, kafaɗu suna rawa, hawaye yana zuba.

Sai a lokacin na lura da abin da suke dafewa. A ƙirjin kowacce, cikin riga, akwai ɗan tudu, da ɗan kai cikin hula yana leƙowa ta wuya.

Madam ta ja ni gaban wani hoto a bango. Wata dabba ce mai kunnen jaki da ƙafar zomo da jelar kada, da aljihu a ciki, ɗanta yana zaune a aljihun kamar mai jiran mota. Ita ce kanguru. Wai tana haifar ɗanta bai nuna ba, sai ta sa shi a aljihun nan ya ƙarasa. Su kuma likitoci suka ga dabarar suka ara: a ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zani, ɗumin jikinta ya zama kwalbarsa. Na tambaya ko ana yanka dabbar, Madam ta yi kamar ba ta ji ba. Da na ba da labari a kasuwa, wani dillali ɗan Rai Buba ya rantse garke-garke suke yawo a dajinsu.

Inna ba ta gamsu ba. Ta ce ita tun da ta zo duniya goyo a baya ta san ana yi, gaba na mai ciki ne. Adda ta ce ai shi ya sa, cikin ne ake ƙarasawa. Inna ta juya maganar a ranta, daga baya ta ce to Allah ya sa a dace.

Ba a jima ba ɗinkin mai ɗakina ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Madam ta ce dole ta riƙa samun hutu da rana, amma yaro ba zai sauka daga ƙirji ba, sai a samo wani. Adda tana tari, an hana ta shiga. Inna ba ta iya zaman jingina saboda ƙugu. Madam ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da wannan filin ai ko 'yan uku ne za su samu wuri.

Na ce mata a Hausa namiji ba ya goyo. Ta ce ba Hausa za ta ɗora wa ba, ni za ta ɗora wa.

Aka tura ni wanka, don wai ƙarnin nama ya riga ni shiga ɗakin. Na wanke hannu har na ga launin fatar da aka haife ni da ita. Aka ja mini labule a wani lungu, aka sa ni na tuɓe riga na jingina a kujera. Nan ne Madam ta miƙo shi, nan ne kuma na ɓoye hannu. Ba ta saurare ni ba. Ta kwantar da shi a tsakiyar ƙirjina, ƙafafunsa a buɗe kamar na kwaɗo, kuncinsa a kan fatata, ta ɗauko zanin matata mai furanni ta zagaye mu ta ɗaure tamau.

Ban ji nauyi ba, ko kaɗan. Abin da na fara ji sanyin tafin ƙafarsa ne a kan tumbina. Can sai na ji wani ɗan bugu, tif-tif-tif, da sauri, a saman nawa bugun mai nauyi. Na kasa kunne da fatata, don ba da kunne ake jin wannan ba. Sanyin ƙafar ya riƙa gushewa a hankali har na daina gane inda nawa jikin ya ƙare. Ashe wutar da na daɗe ina yawo da ita a jiki, ina tsine mata duk bazara, ina zuba mata ruwan randa, tana da wanda take jira.

Nan na koyi shiru. Ni da ko aski ake mini sai wanzami ya roƙe ni in tsayar da baki. In na yi magana ƙirjina yana ruri ya firgita, in na yi dariya tumbina yana cilla shi sama. Wani abin dariya zai zo mini, in rasa wanda zan gaya wa, in haɗiye shi. Na haɗiye labarai a lungun nan da suka isa a yi hira har damina.

Madam ta riga ta gaya mini cewa irinsu wani lokaci suna manta numfashi, wai abin bai zama musu jiki ba tukuna. In ya faru in shafa tafin ƙafarsa. Na ce to, kamar yadda ake cewa to. Wata azahar ina kallon silin sai na ji ƙirjina ya yi tsit. Ɗagawar nan da saukar nan da na saba ji ta tsaya. Na leƙa cikin zani, leɓensa ya fara canza launi. Ban tsaya kiran Madam ba. Yatsana da ya fi cinyarsa kauri na tura ƙarƙashin zanin, na lalubo ƙafar na shafa. Shiru. Na sake shafawa, ina cewa a raina ya Allah, ya Allah, ban iya ƙara komai a kai ba. Sai ya yi wata 'yar zabura, ya ja iska, ya yamutsa fuska kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi, ya ci gaba da abinsa. Da Madam ta zo ta duba shi ta ce lafiya lau, ta miƙo mini tsumma. Na zaci na yaron ne. Ta nuna fuskata.

Duk sana'ata ta tsayar da numfashi ce, da sunan Allah, kuma ban taɓa jin kunyarta ba. Amma ban san tsadar abin ba sai da na roƙi guda ɗaya tak aka ba ni.

Labari ya isa mayanka, ba ni na kai shi ba. Abokan aiki suka sa mini mai jego. In na iso da asuba sai su tambaya ko an yi mini wankan safe, ko ruwan ya yi zafi yadda ya kamata. Sarkin fawarmu da kansa ya aiko mini da kunun kanwa a kwano. Na zauna a gabansu na shanye, na ce gobe a ƙara kanwa.

Ba kullum ake dariya ba. Kowace safiya ana ɗora jariran a sikeli, kuma abin da suke ƙaruwa da shi bai wuce abin da nake sharewa daga kan teburina ba. Ranar da aka ce namu ya ragu, gidanmu ko rediyo ba a kunna ba, Inna ta ce ba ta jin yunwa. Akwai wata Bafulatana a gadon da ke kusa da na matata, sun saba, suna tatsa tare. Wata rana na zo na tarar an naɗe katifarta. Ban tambaya ba, sai dai ranar matata ta ƙi ba ni yaron, da zazzaɓin da komai ta riƙe abinta har yamma.

Saura kama nono. An sha gwada shi, sai ya lasa ya yi barci. Rannan yana ƙirjina sai na ji yana motsi ba irin wanda na sani ba, yana goga fuska, yana tura kai gefe kamar ɗan akuya. Kafin in ankara ya lalubo cikin gashin ƙirjina ya cafki abin da ya samu. Jama'a, an sha cizona, an sha harbina, sa ya taɓa taka mini ƙafa, ban yi ƙara ba. Ranar na yi. Madam ta yaye labule a guje, ta leƙa, ta kwance zanin, ta ɗauke shi sai gadon uwarsa. Na bi su ba riga, na manta da matan ɗakin, su ma sun manta da ni.

Ya kama. Muka zagaye gadon muna kallon ɗan maƙogwaron nan da bai kai kaurin yatsana ba yana hawa yana sauka. Ya ja, ya huta, ya ja. Babu wanda ya koya masa. Matata ba ta ɗago ba, hawayenta yana ɗiga a kan hularsa. Madam ta harɗe hannu tana gyaɗa kai, ta ce da ni a hankali, "Papa, je ka sa riga."

Bayan an cire tiyon, aka ga yana ƙaruwa da nono kaɗai, sai aka sallame su, da sharaɗin a ci gaba da goyon a gida, kada a kunna garwashi a ɗaki, kada kowa ya karɓe shi. Na aro motar wani maƙwabcinmu, na ce wa direba in ya faɗa rami ɗaya ni da shi ne. Muka taho a hankali har masu kura suna wuce mu suna yi mana sannu. Da muka iso mata sun cika tsakar gida. Mai ɗakina ta fito daga mota hannu biyu babu komai, na ga fuskar Inna ta canza. Sai mai ɗakina ta matsa kusa da ita ta ɗaga wuyan hijabinta. Inna ta leƙa ciki. Ta daɗe tana leƙe, bakinta yana motsi, sannan ta ce wa na cikin, "Sannu da zuwa, maigida. Ka sha hanya."

Aka shimfiɗa wa mai jego katifa a ƙofar ɗaki, mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna leƙa hijabi suna komawa da hannu a baki. Ni kuwa shirun da na tara ya ɓalle. Na tsaya a tsakiyar gida na ba su labari tun daga farko. Na ce likitoci sun gwada kwalba ta gaza, sun gwada allura ta gaza, sai da aka kira ni. Na ce zafin ƙirjina har sai da aka zo daga Yawunde aka auna. Na buga ƙirjin na ce duk tsokar da ke jikin yaron nan daga nan ta fito, numfashi ni na koya masa, kama nono ma a wurina ya fara.

Ina cikin haka wata 'yar murya ta taso daga cikin hijabi, siririya kamar ta mage, amma ta cika gidan. Kowa ya kasa kunne. Mai ɗakina ta gyara zama, ta dube ni ta ce:

"To Malam, tunda kai ka yi komai, ga shi ya farka. Zo ka ba shi ya sha."